Rai-Ɗore Da Shaidar Wanda Bai Gani Ba

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da ruwa, Ya fitar da tsirrai iri-iri da shi, waɗansu abinci, waɗansu magani, waɗansu kuwa dafi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta nufi Shinkafi, ko wadda ta karkata zuwa Zurmi, a ƙarshen damina, zai ga wani tsiro ya yi duhu a bakin hanya, da kan juji, da cikin kufai, da bayan katangar makarantu. Tsawonsa yakan kai ƙugun mutum ko ya zarce, furensa rawaya ne, ganyensa mai tsini, in an murza shi kuwa yana da wani irin wari da hanci ba ya mantawa. Shi ne rai-ɗore, waɗansu kuma su ce sanga-sanga. Ba wanda ya shuka shi, dabbobi ma sukan kauce masa muddin suna da wani abin ci. Amma duk da haka sanannen abu ne a gidaje, ana dafa ganyensa don sirace, ko wanka, ko a sha saboda zazzaɓi da shawara da ciwon ciki.

Akwai wata kalma da take rakiyar wannan ganye duk inda ya shiga. Maƙwabciya takan faɗa wa maƙwabciyarta in ta tarar da yaro kwance jiki ya yi zafi, mai magani kuma yakan faɗe ta da lasifika ran kasuwa: “A dafa a ba shi, ba ya komai, tun kaka da kakanni ake sha.” To, mene ne matsayin wannan kalma a shari'a? Wanda ya furta ta da kyakkyawar niyya, in abin ya zo da illa, ya kuɓuta ke nan?

Malaman usulu sun kafa ƙa'ida cewa asalin abubuwan da Allah Ya halitta a bayan ƙasa halal ne, sai wanda dalili ya fitar. Wannan gaskiya ne, rahama ce kuma, gama da an ce kada a ci komai sai an sami nassi a kansa, da ba a ci rogo ba, ba a ci masara ba, balle tumatir. Saboda haka ba mai cewa rai-ɗore haramun ne kamar giya ko mushe. Amma fa ƙa'idar ta tsaya ga hukuncin tsiron, ba ta ce komai ba a kan abin da zai yi wa hantar yaro ɗan shekara uku. Wanda ya ce “halal ne” ya faɗi hukunci. Wanda ya ce “ba ya komai” kuwa ya ba da labarin abin da yake faruwa a cikin jikin mutum, watau ya yi shaida, ita kuwa shaida sharaɗinta na farko shi ne ilmi. A cikin Suratul Isra'i an hana mutum bin abin da ba shi da ilminsa, an kuma gargaɗe shi cewa za a tambaye shi a kan jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Malamai sun daɗe suna karantar da almajirai cewa rashin sanin abu daban, sanin rashinsa daban. Mutumin da bai ga maciji a ɗaki ba domin ɗakin da duhu, ba shi da ikon ya ce wa baƙonsa ya shiga ya kwanta ba maciji. Iyakar abin da zai iya faɗa da gaskiya shi ne bai haska ba.

Wani zai ce, ai jarrabawar kakanni ita ma ilmi ce. Haka ne, kuma wanda ya raina ta bai san abin da ya raya shi ba. Kakanni ne suka gane tafasa ana cinta, a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli, ta riƙe jama'a a shekarun yunwa. Su suka gane idon zakara, duk da kyawunsa, ba abin taunawa ba ne, su kuma suka san majimfa tana sumar da kifi a ruwa. Waɗannan duka, da rai-ɗore, da filasko, da ɗorawa, da tsamiya, da wake, da gyaɗa, masana tsirrai gida ɗaya suka sa su, watau dangin masu kwasfa irin ta wake. Gida ɗaya ya fitar da abinci, ya kuma fitar da dafi. Sai dai ilmin kakanni ya fi kama abin da yake kashewa nan take a gaban idon mutane. Wanda ya fi ƙarfinsa shi ne dafin da yake zuwa sanye da rigar wata cuta da aka saba da ita.

Misalin wannan ya faru a ƙasar Indiya, kuma da rai-ɗoren ne kansa. A jihar Uttar Pradesh akwai wani lardi da ake kira Saharanpur. Shekara da shekaru, duk sa'ad da damina ta ɗauke, tsakanin Satumba da Disamba, sai wata cuta ta faɗa wa ƙananan yara 'ya'yan talakawan karkara a wannan lardi da maƙwabtansa. Yaro yana wasansa, sai amai, sai zazzaɓi, sai ya rikice yana fizge-fizge, sa'an nan ya suma, cikin kwana biyu ko uku ya cika. A cikin yara huɗu da ta kama, wajen uku ba sa tashi. An daɗe ana ɗauka ƙwayar cutar kumburin ƙwaƙwalwa ce, aka yi ta nemanta a ɗakunan gwaji ba a same ta ba. Sai da wani likitan yara mai suna Vipin Vashishtha da abokan aikinsa, cikinsu har da T. Jacob John, suka duba hanta da tsokar yaran, suka ga ɓarnar da aka yi musu irin ta dafi ce. Suka bi gida gida suna tambaya, suna gwada halin yaran da suka kamu da na waɗanda ba su kamu ba, har suka gano cewa waɗanda suka kamu sun ci 'ya'yan wani tsiro da ya cika bakin hanya, wanda mutanen wurin suke kira kasondi. Sun buga sakamakon bincikensu a 2007. Kasondi kuwa shi ne rai-ɗore. Daga baya masu binciken dafi a birnin Lucknow suka sami sinadaran 'ya'yan tsiron a cikin jinin marasa lafiyar. Abin mamaki kuma, likitocin dabbobi a Amurka da Brazil sun riga sun rubuta tun da daɗewa cewa shanun da suka ci shi da yawa tsokarsu takan lalace, fitsarinsu ya yi baƙi, su kwanta su kasa tashi. Labarin yana cikin littattafan likitocin dabbobi, bai isa ga likitocin yara ba.

Su ma mutanen Saharanpur suna da kakanni, suna kuma magani da kasondi. Da an tambayi dattijon ƙauye a can kafin 2007, da ya rantse cewa bai taɓa jin ya kashe kowa ba, kuma bai yi ƙarya ba, alhali kuwa jikokinsa suna mutuwa da shi kowace kaka.

Mai karatu ya dawo da hankalinsa gida. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tare da ma'aikatar lafiya ta Jihar Zamfara sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 97,000 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka tarar kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa. Yaro mai jin yunwa kuwa, duk abin da ya yi kama da wake zai kai baki. Kwasfar rai-ɗore tana nuna a daidai lokacin da zazzaɓin sauro yake kan ganiyarsa, alamunsu kuma sun yi kama: amai, zafin jiki, fizge-fizge, suma. Yaron da ya rasu a ƙauye da hantsi, kafin la'asar an yi masa sutura, kamar yadda sunna ta koyar, ba wanda ya ɗebi jininsa ya auna lafiyar hanta. A irin wannan hali, cewa “ba a taɓa ji ba” ba ta isa hujja ba. Mutanen Zamfara sun ɗanɗana wannan darasi a 2010, sa'ad da yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ganin suna ta jijjiga ana zaton cutar da aka saba gani ce, sai da aka auna jini aka tarar gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa duk abin da ya gabata a kan ɗanyen 'ya'yan tsiron ne, alhali abin da mutane suka fi dafawa ganye ne, wani lokaci saiwa. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne. A nan ilmin hadisi yana da ma'auni mai amfani. Malaman hadisi sun raba maruwaita: akwai amintacce wanda aka yi masa shaidar gaskiya da kiyayewa, akwai wanda aka soke shi da dalili bayyananne, akwai kuma wanda ba a san halinsa ba, watau majhuli. Majhuli ba a ce maƙaryaci ne ba, wataƙila ma salihi ne, amma mafi yawan malamai ba sa gina hukunci a kan ruwayarsa sai an sami mai yi masa shaida. Sun kuma ce suka in ta zo da bayanin dalilinta, ita ake gabatarwa a kan yabo na gaba ɗaya. To, 'ya'yan rai-ɗore an soke su da dalili bayyananne, yabon kakanni ba zai wanke su ba. Ganyensa kuwa yana kusa da matsayin majhuli, an san wani abu na halinsa, ba a gama saninsa ba.

Abin da aka sani ga shi. An gwada ruwan ganyen a kan ɓeraye a jami'o'i da dama, a waɗansu gwaje-gwajen ba a ga wata ɓarna bayyananna ba a gwargwadon da aka ba su. An kuma ga yana raunana ƙwayar zazzaɓin sauro a cikin kwalbar gwaji. Mutanen ƙasar Mali sun wuce nan. Sashen Magungunan Gargajiya na gwamnati da yake Bamako ya haɗa wani magani mai suna Malarial daga tsirrai uku, ganyen rai-ɗore shi ne mafi yawa a ciki, aka auna shi, aka ba marasa lafiya, aka gwada shi da kulorokwin. Jiki ya yi wa da yawa daga cikinsu sauƙi, amma ƙwayar cutar ba ta fita daga jini sarai ba. Wannan sakamako ya gaskata kakanni ta wani gefe, gama ba banza suke dafa ganyen ba. Ta ɗaya gefen kuma ya nuna inda haɗarin yake. Babban mutum wanda ya girma sauro na cizonsa, jikinsa ya saba yaƙi da cutar, sauƙin nan yana iya isarsa. Yaro ɗan shekara biyu kuwa, zafin jiki ya sauka, uwa ta saki jiki, ƙwayar tana nan tana cin jininsa, ranar da za a ɗauke shi zuwa asibiti ya riga ya yi fari fat.

Ba Turawa ne suka fara kafa irin waɗannan sharuɗɗa ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekara ta 428 bayan Hijira, ya jera sharuɗɗa bakwai na jarraba magani a cikin Alƙanun. Daga ciki akwai cewa a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma amfanin ya riƙa bayyana kullum ko a mafi yawan lokuta, domin abin da ya faru sau ɗaya yana iya zama dace. Na ƙarshensu shi ne a jarraba a jikin mutum, gama abin da magani ya yi wa zaki ko doki ba lalle ne ya yi wa ɗan Adam ba. Wanda ya ɗauko sakamakon ɓeraye yana talla da shi a kasuwa, Ibnu Sina ya riga ya ba shi amsa kusan shekara dubu da suka wuce. Haka nan wanda hujjarsa ita ce wane ya sha ya warke. Zazzaɓi da yawa yakan tafi da kansa, sa'an nan wanda ya warke shi ne yake komowa kasuwa ya ba da labari, wanda aka binne ba ya komowa.

Akwai wani ruɗani kuma da ya fi wannan nauyi, domin ya taɓa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An ruwaito a cikin Tirmizi da Ibnu Majah cewa Asma'u 'yar Umaisu tana wanke ciki da wani tsiro mai suna shubrum, aka nuna mata yana da zafi ƙwarai, ta koma ga sana, aka yaba mata sana. Malamai sun yi magana a kan isnadin hadisin, amma ko an ɗauke shi, sana da ake nufi shi ne sanamaki na ƙasar Hijaz da Masar da Sudan, wanda filasko ya fi kusa da shi a cikin tsirran ƙasar Hausa. Da yake a littattafan zamani an sa rai-ɗore da tafasa da filasko da sanamaki duk ƙarƙashin suna ɗaya na dangi, sai a ji mai talla ya jawo hadisin ya yafa wa rai-ɗore. Ɗalibin Larabci na farko ya san tarayya a suna ba ta wajabta tarayya a hukunci. Bugu da ƙari, masana tsirrai sun tafi a kan cewa asalin rai-ɗore daga ƙasashen Amurka masu zafi ne, daga can ya bazu a duniya. Jingina wa Annabi yabon abin da bai yaba ba kuwa, kowa ya san narkon da aka yi a kansa. Shi kansa hadisin, in an lura, darasinsa rarrabewa ne tsakanin tsirrai biyu masu aiki iri ɗaya, a bar mai tsanani a ɗauki mai sauƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan magani, har ya keɓe wa sana ɗan littafi guda. Sanamakin ma, da yake yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, an yi masa iyaka: ba a daɗe ana sha, ba a kuma ba wanda hanjinsa ya toshe.

Game da alhaki kuwa, nassi bai bar wurin shakka ba. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin magani ba. Ibnu Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba, Bamalike, wanda shi kansa likita ne, ya ambata a cikin Bidayatul Mujtahid cewa ba saɓani a kan lamunin irin wannan mutum, domin ya ƙetare haddi. Kyakkyawar niyya tana ɗauke masa laifin ganganci, ba ta ɗauke masa lamuni. Wannan ya fi shafar wanda ya mai da abin sana'a, yake ɗura ruwan ganye a kwalba ba awo, ba bayanin abin da ke ciki, ya sayar wa babba da yaro da mai ciki bai ɗaya. Ko lambar NAFDAC da waɗansu suke nunawa, wadda take ƙarewa da harafin L, ma'anarta an duba ba a ga guba ba a gwajin da aka yi, hukumar kuma tana tilasta a rubuta a jikin kwalbar cewa ita ba ta tantance da'awar warkarwa ba. Ba safai ake jin mai lasifika ya karanta wa jama'a wannan layi ba.

Sai dai magana ba za ta cika ba in ba a dubi halin matar da take wani ƙauye a bayan Zurmi ba. Ɗakin shan maganin garinsu an rufe shi tun da 'yan bindiga suka kori ma'aikata, hanya ba ta biyuwa da dare, da rana ma sai da addu'a, kuɗin babur ya fi ƙarfinta, ga yaro yana ƙuna a bayanta, ga rai-ɗore a bakin danga. Wanda yake zaune a Gusau kusa da asibiti ya yi hattara kafin ya kira ta jahila. Shari'a ta san larura, ta kuma san zaɓar mafi sauƙin cuta biyu. Abin da wannan mata take da hakki a kansa shi ne a faɗa mata gaskiya gwargwadon yadda take: 'ya'yan tsiron dafi ne, kada yaro ya kusance su, ganyen yana iya sauke zafin jiki, amma bai tabbata yana kashe cutar ba, in yaro ya ƙi nono, ko ya yi ta amai, ko ya fara fizga, ko idonsa ya yi fari, to lokacin ganye ya wuce, sai a nemi hanya ko ta halin ƙaƙa. Maƙwabciyar da ta faɗi haka ta taimaka, ta kuma tsare amanarta. Wadda ta ce “ba ya komai” ta ba ta natsuwar da za ta sa ta ƙara kwana biyu a gida.

Hukuncin nan bai tsallake masu ilmin zamani ba. Likitan da ya ce duk maganin gargajiya shirme ne, shi ma ya yi shaida a kan abin da bai bincika ba. Maganin zazzaɓin sauro da yake rubutawa kullum, asalinsa daga wani ganye ne da mutanen Sin suka daɗe suna jiƙawa, wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da sinadarinsa a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Abin da ya raba wancan ganye da rai-ɗore shi ne an sami waɗanda suka zauna masa, suka auna shi a jikin dubban mutane. Imam Gazali ya koka a cikin Ihya'u cewa garuruwa sun cika da masu zurfafa mas'alolin fiƙihu, ga likitanci farilla ce ta kifaya an bar ta ba mai ɗauka. Yau akwai tsangayar harhaɗa magunguna a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai cibiyar NIPRD a Abuja. Tsiron da jama'a masu yawa haka suke ɗura wa 'ya'yansu, sanin awonsa da iyakarsa da wanda bai kamata ya sha ba yana cikin wannan farilla, kuma muddin ba a sauke ta ba nauyin yana kan masu ilmi da masu mulki da masu dukiya, kowa gwargwadon ikonsa.

A Saharanpur, bayan an gane mai laifi, ba a jira wani sabon magani ba. An bi ƙauyuka ana faɗakar da iyaye, ana tumɓuke tsiron daga kewayen gidaje kafin ya yi kwasfa, cikin 'yan shekaru mace-macen suka ragu ƙwarai, har aka buga rahoto a 2012 cewa cutar ta ɓace daga lardin. A Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi rai-ɗore yana fure a cikin damina, kwasfarsa kuma tana nuna wajen watan Oktoba, a daidai tsayin hannun yaro. Limamin Juma'a yana iya faɗar wannan a cikin minti biyu, malamin makarantar allo kuma yana iya riƙo reshe ɗaya na rai-ɗore da ɗaya na tafasa ya nuna wa almajirai bambancinsu: ganyen tafasa mai zagayayyen baki ne, na rai-ɗore mai tsini.